Kwalin Baba Mai Huji Arba'in

Ranar Asabar ta farkon kowane wata, da an gama karin kumallo, falon Furofesa yakan koma ɗakin jarrabawa. A jawo teburin cin abinci tsakiya, a kashe talabijin, a kori kyanwa. Matarsa da 'ya'yansa biyu su zauna kowa da fensirinsa kamar masu jiran hukunci, shi kuma ya tsaya a kansu da agogo a tafin hannu, yana gyaran murya irin ta wanda duniya ke jiran jin ta bakinsa.

Ba furofesa ba ne. Shekara ashirin da ɗaya ke nan yana aikin fotokwafi a wani ofishi da ake auna basirar yara da manya. 'Yan layi ne suka laƙaba masa sunan don tsokana, ya karɓa hannu biyu, har yana amsawa da na'am mai nauyi. A kwandon sharar ofishin ya tsinci jarinsa: ɗan littafi mai tambaya arba'in, duk zane-zane ne da aka cire musu guntu ɗaya, da takardar amsa mai gida huɗu a kowane layi, sai wani kwali mai huji arba'in. Idan aka ɗora kwalin a kan takardar amsa, duk hujin da baƙin fensiri ya leƙo ta cikinsa an ci maki ɗaya.

Yin makin ma wasa ne na musamman. Zai ɗauki kwalin, ya hure masa ƙura, ya juya shi da wani salo na hannu, ya kifa a kan takarda, ya danne da tafi kamar mai rufe murfin inji. Sannan ya ƙirga da ƙarfi, ya rubuta sakamako a jadawalin da ya manna a ƙofar firji, yadda duk mai neman ruwan sanyi sai ya fara sanin matsayinsa a duniya.

A saman jadawalin akwai shi kansa, arba'in cif. Sau ɗaya ya yi gwajin, shi kaɗai a ɗaki, ƙofa a kulle. Ƙarƙashinsa babban ɗansa, ɗan shekara goma sha shida da ake kira Injiniya, wanda ya fara da goma, sannan daga ranar da aka aike shi ɗauko hula a ɗakin uban ya koma arba'in bai sake sauka ba. Umma tana yawo tsakanin takwas da tara. Can ƙasa kuma, inda tururin firji ke jiƙa takarda, sai yarinyar da a da ake kira Auta.

"Sifili kuma," in ji Furofesa, yana ɗaga takardarta da yatsu biyu. "Karo na uku. Ko bisa kuskure ba ki faɗa kan daidai ba."

"Baba, na duba sosai. Ka ga ta bakwai ɗin nan, ɗigon yana ƙaruwa ɗaya-ɗaya ne, to dole wanda ya ɓace..."

"Kun ji irin ta ko? Mai ƙaramar ƙwaƙwalwa ya fi kowa dogon bayani. Yana nan cikin littafi."

Ba wanda ya taɓa ganin littafin.

"Baba, a gwada kyanwar nan mana," in ji Injiniya. "Ko za a samar mata maƙwabciya a ƙasan firji."

Aka yi dariya, har Umma ta rufe baki da gefen mayafi. Daga ranar sunan Auta ya mutu, Sifili ta gaje shi.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne tana son zane-zanen nan. Shekarunta goma sha uku, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba cewa idan ta zuba musu ido sai su fara yi mata magana. Da'ira ta juya, layi ya haifi layi, baƙi ya koma fari, sai guntun da ya ɓace ya taso mata a zuciya kamar fuskar wanda aka daɗe ana jira a tasha. Daɗin da take ji a lokacin ba ta san sunansa ba. Sai kwali ya sauka, ya ce duk ƙarya ne.

Da teburin karatu aka fara. Yana jikin taga inda haske yake, Furofesa ya ce haske na masu amfani da shi ne, aka mayar da shi ɗakin Injiniya. Sai littattafan labarai da take arowa, aka ce suna cika mata kai da abin da ba zai iya ɗauka ba. Sai wanke-wanke da wanki da sharar tsakar gida, waɗanda a da ake rabawa, suka tattaru a kanta, saboda kimiyya ta nuna irin su Sifili hannunsu ya fi kansu albarka. Injiniya kuwa ko kofin da ya sha shayi ba ya ɗagawa. Kada a gajiyar da ƙwaƙwalwa.

Sifili ta sami Umma a kicin tana yanka albasa.

"Umma, ni ce fa ta biyu a ajinmu."

"Na sani."

"To ki gaya masa."

"Ubanki ya fi mu sanin takarda. Shekara ashirin yana cikinta. Miƙo min gishiri."

Da sifili na huɗu ya fito, Furofesa ya tara gida ya sanar cewa Sifili za ta ɗan huta da makaranta. Ba kora ba ce, hutu ne, don a rage wa ƙwaƙwalwa nauyi. Gwaggo, yayar uban, da ta zo ziyara ranar, ta gyaɗa kai ta ce ai dama tun tana jaririya ta lura ƙeyar yarinyar ba ta fito sosai ba. Gwaggon nan ce ta taɓa cewa duk dangi ba a haifi mai wayon Auta ba, amma wancan kafin kimiyya ta shigo gidan ne.

Malamar lissafi ta zo har gida bayan sati biyu, da rajistar aji a hammata.

"Malam, yarinyar nan ita nake ba wa allo in zan fita. Ita ke koya wa sauran."

"Haddar aku," in ji Furofesa, yana murmushin tausayi. "Ku malaman makaranta abin da kuka zuba kuke aunawa. Mu kuwa mazubin muke aunawa. Da bambanci."

"Ku su wa?"

"Mu na fannin."

Sifili tana bayan labule da tire a hannu. Ta so malamar ta yi faɗa, ta buga tebur, ta kama hannunta su fita. Malamar ta sha ruwa, ta yi godiya, ta tafi.

Da safe, in 'yan makaranta suna wucewa ta ƙofar gida, takan daina shara ta tsaya jikin bango har muryoyinsu su yi nisa. Tun tana kuka har ta daina. Abin da ya maye gurbin kukan ya fi shi muni: ta fara yarda. Wataƙila da gaske ne akwai wani abu a kanta da aka ɗaura baibai. Wataƙila daɗin nan da take ji in amsa ta taso mata, shi ne ainihin ciwon. Aka yi gwaji na biyar, ta ba shi duk abin da take da shi, ta duba kowace tambaya sau uku har gumi ya ɗiga a takarda. Sifili.

A wata na shida ba ta ko buɗe ɗan littafin ba. Ta kafe idonta a kan fanka, ta bar fensiri ya faɗa duk gidan da ya ga dama, kamar kaza tana tsattsagar hatsi. Minti biyu ta gama.

Furofesa ya hure kwali, ya juya, ya kifa, ya danne. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya cire tabarau.

"Goma sha ɗaya! Kun gani ko? Wata biyu kacal da barin makaranta, ƙwaƙwalwa ta fara numfashi. Har ta wuce uwarta."

Ranar ya saya mata lemon kwalba. Ta riƙe shi har ya huce ba ta sha ba. Umma kuwa ta koma ƙasan firji, kuma ranar miya ta yi gishiri.

Cikin wata na bakwai malamar lissafi ta dawo da takarda ɗaya: fom ɗin jarrabawar shiga babbar sakandare. Sai uba ya sa hannu, kuma ranar Alhamis ake rufewa. Wanda bai shiga ba ya rasa gurbinsa. Ta ƙara da cewa shugabar makaranta ta ce ba za ta cire sunan yarinya daga rajista ba sai an kawo wasiƙa daga ƙwararre, mai hatimi, cewa ba za ta iya karatu ba.

"Wasiƙa suke so?" in ji Furofesa. "Sun zo gidan takarda."

Ranar Laraba ya sa Sifili a gaba zuwa ofis, da ambulan a hannu. A ciki akwai sifilinta guda biyar. Goma sha ɗayan ya bar ta a gida, kada ta rikita hujja. Ya haɗa da takardarsa da ta Injiniya, don a ga cewa ba daga jini ba ne.

Tun daga ƙofar ofishin ta ga ubanta yana raguwa. Ba mai ce masa Furofesa a nan. "Mai Inji, ina kwafin jiya?" "Mai Inji, tawada ta ƙare." Yana ta rusunawa yana cewa yanzu-yanzu. Ɗakinsa wani lungu ne a ƙarƙashin matakala, da inji mai zafi da warin tawada. Kafin su wuce sai da ya yi wa wani kwafi uku. Ta ga ya ɗauki takarda, ya juya ta da salon nan na hannu, ya kifa a kan gilashi, ya danne murfi da tafi.

Dakta, ƙwararriyar ofishin, 'yar ƙaramar mace ce mai furfura, tabarau na rataye a wuyanta da zare. Ita ke gwada yaran da makarantu ke turowa da tsofaffin da mantuwa ta fara kamawa. Ta saurare shi har ya gama, tana juya cokali a shayi.

"Wa ya ba ka izinin fita da kayan nan?"

"A shara na tsinta, ranki ya daɗe."

"Za mu dawo kan wannan. Mu ga takardun." Ta sa tabarau. "Sifili sau biyar?"

"Sau biyar. Abin tausayi."

"Mai Inji, gida huɗu ne a kowane layi. Ko akuya ka ba fensiri ta yi ta dangwale, za ta ci kusan goma. Shekara talatin ina aikin nan ban taɓa ganin sifili ba. Nuna min yadda kake makin."

Ya gyara tsayuwa, don an zo fagensa. Ya fito da kwalin, ya hure, ya juya, ya kifa, ya danne.

"Me ya sa ka kife shi?"

"Ai haka ake sa takarda, Dakta. Fuska ƙasa."

"A kan injinka ba."

Ta sa yatsa ɗaya ta birkice kwalin, rubutun jikinsa ya dawo sama. Hujin da ke dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama. Ta daidaita shi a kan takardar Sifili. Baƙin fensiri ya leƙo ta huji na farko, da na biyu, da na bakwai mai ɗigo-ɗigo, har ƙasa, kamar idanu arba'in ne suka buɗe lokaci ɗaya suna kallon mutumin da ke tsaye. Ta gwada ta biyu, ta uku, har ta biyar. Duk haka.

Sifili ba ta ji murna ba. Ta kama gefen kujera.

Dakta ta jawo sauran takardu biyun ta ɗora kwali. Fari fat, ko ɗigo babu.

"Waɗannan kuma ba na akuya ba ne. Na masu leƙen kwali ne, kuma a kife suka leƙa. Na su wane ne?"

Furofesa ya dubi silin. "Na wasu maƙwabta ne."

"Ka gaishe su." Ta jefa kwalin a aljihun tebur ta murɗa makulli. "Ba da takarda ɗaya ake auna mutum kamar buhu ba. Mu da muka karanta abin sai mun wuni da yaro, mu ji tarihinsa, mu gwada nan mu gwada can, sannan mu yi magana a hankali, don mun san kalma ɗaya tana iya bin yaro har tsufa. Kai ka yi wata nawa kana yanke hukunci a kan teburin cin abinci?" Ta juya ga yarinyar, muryarta ta sauka. "'Yata, kina son komawa makaranta?"

Amsar ta taso mata nan take, a fili, ba ko shakka. Shi ya sa ta ji tsoronta. Ta dubi ubanta.

Dakta ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce, "Mai Inji, gobe da safe ina son ganin kwafin fom ɗin nan da sa hannunka a kai. Kai za ka yi kwafin, ai ka iya. In ban gani ba, za mu yi maganar kwandon shara da shugaban ofis."

A cikin bas, da suka kusa sauka, uban ya juyo gare ta.

"Abin da ya faru a ofis na ofis ne. Sirrin aiki ake ce masa. Kin gane?"

"Na gane, Baba."

Da suka isa gida ya tara kowa a falo, har da Gwaggo da ta zo jin sakamako. Ya gyara murya, Furofesa ya dawo jikinsa.

"Mun tattauna da abokiyar aikina. Binciken zamani ya nuna gwajin nan ya tsufa. Dama ni na daɗe ina zarginsa. Saboda haka na yanke shawarar a sake ba yarinyar nan dama."

"Ai ni na faɗa," in ji Gwaggo. "Duk dangi ba mai wayonta."

"To ni arba'in ɗina fa?" in ji Injiniya.

"Kai rufe mana baki."

Ya ɓalle jadawalin daga ƙofar firji, ya bar tabon gam guda huɗu. Teburin karatu dai ya ce a bar wa Injiniya, tunda ya riga ya saba da shi. Yarinyar ta kawo fom da biro. Ya karɓa, kuma don sabo hannunsa ya fara juya takardar zai kife ta a kan tebur. Ta sa tafinta ta danne.

"Nan ce fuskarta, Baba."

Ya sa hannu bai ɗago ba.

Yarinyar ba ta iya riƙe sirrin aiki ba. Da yamma ta sami Umma a kicin, ta gaya mata komai cikin raɗa, tana jiran ta saki wuƙa, ta rungume ta, su yi kuka tare. Umma ba ta daina yanka ba.

"Ai na gani tun ranar farko. Rubutun yana ƙasa."

"Kin gani?"

"Ina da ido."

"Umma, kin gani kika yi shiru?"

"To ya kike so in yi? In ce wa ubanku ya yi kuskure a gaban 'ya'yansa? A ofis ba kowa ba ne, a layi dariya ake masa. Nan kaɗai yake da shi. Da wane ido zai kalle ku?"

"Ni da wane ido na kalli kaina wata bakwai?"

Wuƙar ta tsaya kaɗan, sannan ta ci gaba.

"Ai ga shi ya wuce. Ke yarinya ce, za ki manta. Miƙo min murfin tukunya."

In ka tambayi gidan nan yau, za su rantse maka ba a yi mata komai ba. Ba a doke ta ba, ba a hana ta abinci ba, har lemo aka saya mata. Uban zai ce kimiyya ce ta canza. Uwar za ta ce zaman lafiya ta nema. Gwaggo za ta ce ita dama ta faɗa. Injiniya har yanzu in ya so tsokana Sifili yake ce mata, kuma ba mai hana shi, wai ai wasa ne. An auna mutuncin babba da ran ƙarama, aka ga nata ya fi sauƙin bayarwa, aka bayar, kowa ya wanke hannu ya ci abinci.

Ranar jarrabawa ta zauna a layi na uku kusa da taga. Aka ce a buɗe takarda. Ta karanta tambaya ta farko, amsar ta taso mata kamar da, da daɗin nan nata da ba shi da suna. Gida na farko ne, ta sani. Sai ta ga fensirinta ya kauce da kansa, yana lalube wani gidan, kowanne ma, in dai ba wanda ta tabbatar ba.

Ta sa hannun hagu ta kama wuyan hannun dama, ta jawo shi da ƙarfi, ta danna shi a gida na farko har bakin fensirin ya kusa karyewa.

Mai sa ido ya tsaya a kanta. "Lafiya, 'yammata? Hannun ke ciwo?"

"A'a, Malam."

Ta matsa zuwa tambaya ta biyu, ba ta saki hannun ba.